Yadda Ake Tsara Labarin Tarbiyya Ga Yaranmu Na Sudan, Daga Zaɓen Hali Zuwa Naɗar Murya

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, makarantu suka shiga halin yau a buɗe gobe a rufe, tambaya ɗaya ce ta fi yawan iso mini daga iyaye mata da malaman allo na Gadarif, Kasala, Madani da Mai Wurno: yaro ya daina jin faɗa, nasiha ta bi ta bayan kunnensa, amma da an ce labari sai ya matso. To yaya ake ƙago labarin da zai taɓa halinsa? Wasu sun gwada, suka ce tun ba a kai rabi ba yaran suka watse. Ga amsar a wuri ɗaya, bi da bi.

Mafi yawan labaran da ake turo mini in duba wa'azi ne aka liƙa masa sunan Musa da Binta. Yaro kuwa yana jin ƙanshin wa'azi tun daga nesa. Darasin ba daga bakinka zai fito ba, daga abin da yaron cikin labarin ya zaɓa zai fito, da abin da zaɓin ya jawo masa. Duk matakan da ke tafe hidimar wannan suke yi. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma na san iyaye mata da kakanni su ne suka fi ɗaukar wannan aiki.

1. Zaɓi hali ɗaya tak

Kada ka zauna ka ce yau zan yi labari a kan gaskiya ko haƙuri. Waɗannan manyan kalmomi ne, yaro ba ya ganinsu da ido. Ɗauki mako guda kana lura da yaran gida ko na makarantarku, kana rubuta abin da ka gani: an aiki yaro sayen burodi ya danne canji, yarinya tana cin zalin ƙaninta da zarar uwa ta tafi layin ruwa, yara sun laƙaba wa ɗan 'yan gudun hijirar da aka sauke a makarantar unguwa suna, suna binsa da shi, saurayi yana raba dare a waya har asuba ta gagare shi. Daga ciki ka ɗauki ɗaya. Ka iya faɗinsa a jimla guda mai ɗauke da aiki, misali "mayar da kuɗin da ba naka ba ko da ba wanda ya gani". In jimlar ta fara tara "da" da "kuma", labari biyu ne ka haɗa, raba su.

Sai shekaru. 'Yan ƙasa da shekara 7 dabbobi suke so, su Gizo da Ƙoƙi da kura, kuma minti huɗu ya ishe su. 'Yan 8 zuwa 12 sun fi son jin labarin tsaransu, su ne wannan jagora ta fi nufa. Na samari da 'yan mata yana mataki na 11.

Hattara: laifin da wani yaro ya yi jiya kada ya zama labarin yau a gaban 'yan'uwansa. Kafin ka rufe baki sun juya suna kallonsa, kai kuma ka koma mai tonon silili. Bari maganar ta kwanta, sannan ka sauya namiji zuwa mace, gida zuwa kasuwa.

2. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Littafin rubutu mai kauri guda, biro, tabarma, fitila mai caji, da wayar da kake da ita. Shi ke nan. Farashi yana tashi kusan kowane mako, don haka ka lissafa da abin da za ka saya, ba da adadin fam ɗin Sudan ba: cajin waya wajen masu sola in babu wuta, data ta mako in za ka riƙa turawa, da kwafin shafi biyu zuwa uku in akwai wasu malamai da za su karɓa.

Kada ka sayi lasifika ko makirfo, kada kuma ka fara da zancen buga littafi. Labarin da ba a gwada da baki ba bai cancanci tawada ba. Alewa da biskit ma ban goyi bayansu ba: ranar da babu, rabin tabarmar ba za ta cika ba, kuma ba za ka taɓa gane ko labarin ne ke jawo su ba. Ruwan sha mai sanyi a tulu ya wadatar.

3. Raba ƙissa da ƙagaggen labari

Wannan mataki ya riga rubutu, don a nan ake yin kuskuren da ya fi kowanne nauyi. Labari iri biyu ne a hannunka. Akwai ƙissar da ta tabbata a Alƙur'ani ko hadisi: Annabi Yusuf (AS), mai gonaki biyu a Suratul Kahfi, mutane ukun da dutse ya rufe musu bakin kogo, mutumin da ya shayar da kare. Waɗannan ana faɗinsu ne yadda suka zo, ba ƙari, ba a sa wa wani magana a baki don labari ya yi daɗi. In ba ka riƙe lafazin ba, buɗe littafi ko ka tambayi malaminku kafin zama. Sai kuma wanda kai ka ƙaga, wanda mutanensa ba su taɓa rayuwa ba.

Za a samu mai ce maka ƙaga labari ai ƙarya ne. Amsar da malamai da dama suka bayar ita ce in mai sauraro ya san misali ake buga masa, ba a yaudare shi ba. Kakanninmu ma sun rufe wannan ƙofa tun da daɗewa: ana buɗe tatsuniya da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Yaro ya san iyakar abin. Kai ma ka yi haka, ka faɗa tun farko cewa wannan ƙirƙirarsa aka yi.

Gargaɗi: ƙagaggen labari ba a jingina shi ga Manzon Allah (SAW), ko wani sahabi, ko wani malami sananne. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito a bayyane yake: wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Labaran nan masu sa kuka da ake yawo da su a WhatsApp, "wata rana wani sahabi…" ba tare da an faɗi inda aka samo ba, kada ka kwaso su ka zuba wa yara don sun yi daɗi.

4. Gina yaron da wurinsa

Ba shi suna, shekaru, aikin da yake yi da rana, da abu ɗaya da yake matuƙar so. Ka ba shi kuma aibi kaɗan. Yaron da ba ya kuskure, mai gaida kowa, wanda ya haddace izu sittin yana shekara tara, ba wanda zai ga kansa a cikinsa. Haushinsa ma za su ji.

Wurin ya zama wanda masu sauraro suka sani da ƙafarsu. Ɗan Gadarif ya san lokacin yankan riɗi da manyan motocin da ke lodin dawa. Ɗan Mai Wurno ya san bakin kogi da masunta. Na Kasala yana tashi ya ga duwatsun Taka. Sa raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, sa keken jaki mai tallan ruwa, sa mai shayi a bakin titi, sa kisra da godo-godo. Abu uku zuwa huɗu irin waɗannan sun isa, a watsa su cikin tafiyar labarin, ba a jera su a farko ba. Da yawa daga cikin yaranmu ba su taɓa ganin Kano ba, labarin da aka kafa a kasuwar Kurmi bai fi musu na ƙasar Sin kusa ba.

Ga wanda za mu yi aiki da shi: Ilya, ɗan shekara 12, yana taya kawunsa sayar da agashe, wato tsire, a bakin tashar manyan motoci a Gadarif. Yana da saurin lissafi, yana da son a yabe shi, kuma yakan ɗan tsinci tsoka in Kawu ya juya baya.

Hattara biyu a nan. Na farko, kada mugun labarinka ya zama ɗan wata ƙabila, ko da ta suna ko ta karin harshe ne kawai za a gane. Duk wanda ya ga rikicin ƙabilancin da aka yi a jihar Nil Azraƙ a watan Yuli da Oktoban 2022 ya san ba mu buƙatar ƙarin wuta, kuma yaro yana riƙe sunan mugu fiye da yadda yake riƙe darasi. Na biyu, a tabarmarka akwai yaran da suka gudo daga Khartum ko Jazira, sun ga abin da bai kamata su gani ba. Bindiga, gawa da fasa gida su fita daga labarinka gaba ɗaya.

5. Sa shi a tsaka mai wuya

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma ya kamata rabin lokacinka ya tafi. Dole yaron ya tsaya tsakanin hanya biyu, kuma dole hanyar banza ta kasance tana da daɗi da hujja. In mugun zaɓi bai da wani abin sha'awa, ba a jarraba kowa ba, mai sauraro kuma ya san ƙarshen tun daga jimla ta uku.

Tambayoyi uku nake sa masu koyo su amsa a rubuce kafin su ci gaba. Me zai samu in ya yi ba daidai ba? Me zai rasa in ya yi daidai? Me ya sa ba za a kama shi ba? Ta ukun ce aka fi mantawa da ita. Muddin akwai mai kallo, tsoro ake gwadawa, ba amana ba.

Mu koma ga Ilya. Kawu ya tafi sallar magariba ya bar masa waya da gwangwanin kuɗi. Wani direba mai kai riɗi Bur Sudan ya sayi agashe, ya biya ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, cikin sauri ya ƙara sifili ɗaya bai lura ba. Inna tana kwance da zazzaɓin cizon sauro, takardar magani tana aljihun Ilya tun safe. Kawu kuwa da dare jimilla yake dubawa, na waya da na gwangwani a haɗe, ba ya bin ciniki ɗaya-ɗaya. Ke nan in Ilya ya zari daidai rarar daga gwangwani, lissafi zai tashi cif. Ga yadda wurin zai iya fita:

Ilya ya sake ƙirga sifilan da yatsa. Sabi'u mai shayi ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Kai, rabonka ne ya tsaga! Allah ne ya ga halin da Inna take ciki."

"Ba nawa ba ne."

"Na wa ne to? Mutumin da ke da mota mai taya goma? Ko a jikinsa. Kafin ya kai Kasala ya manta."

Ilya bai ce komai ba. Ya sa hannu a aljihu, takardar ta yi laushi don gumi. Can gefen tasha yaron mota yana zare duwatsun da aka tare tayoyi da su.

Lura da abin da ba a faɗa ba. Ba a ce "Shaiɗan ya shiga zuciyarsa" ba, ba a ce "ya tuna amana wajibi ce" ba. Takarda, gumi da duwatsun taya su suka yi aikin. Sabi'u kuma ba azzalumi ba ne, maganarsa da ƙamshin gaskiya, har sunan Allah ya kawo. Haka jarrabawa take zuwa wa yaro a zahiri, ta bakin aboki mai tausayinsa. Sa agogo a wurin ma: motar na shirin tashi, don haka ba shi da damar jiran Kawu ya yanke masa hukunci.

Kuskuren da aka fi yi: a daidai wannan gaɓa sai a turo wani dattijo mai farin gemu ya zo ya yi wa yaron nasiha ta shafi guda. Da ka yi haka ka ƙwace zaɓin daga hannunsa. Manya su kasance a masallaci, ko a gona, ko suna barci.

6. Sakamako, ba tare da cin hanci ba

Ilya ya ruga ya tsayar da motar. Sai me? Mafi yawan marubuta a nan sai su mayar da direban attajiri, ya ɗauki nauyin asibiti, ya kai yaron makaranta, har ya ba shi 'yarsa daga baya. Wannan ba tarbiyya ba ce, ciniki ne. Ranar da yaronka ya mayar da kuɗi aka ce masa "shukran" kawai aka wuce, zai ga an cuce shi, ya ɗauka kai ma ƙarya ka shirga masa.

Bar sakamakon ya zama ƙarami kuma mai yiwuwa. Direba ya karɓi kuɗinsa, ya sa albarka, ya tafi. A daren nan ba a sayi maganin ba, Ilya ya kwana yana jin nishin Inna, yana jin haushin kansa. Da safe Kawu, wanda ya ga shigar kuɗin da fitarsu a waya, ya tambaya: "Ilya, me ya faru jiya?" Da ya ji, bai yi dogon yabo ba. Ya je ya karɓo kwasar adashinsa tun kafin lokaci aka sayi magani, daga ranar kuma ya daina ƙirga tsokoki in zai tafi masallaci. Yaro mai shekara goma zai gane abin da wannan ke nufi ba sai an fassara masa ba.

In kana son ƙissar gaskiya da za ta tokare wa wannan baya a mako na gaba, ga ta Ka'abu ɗan Maliku (RA). Bai je yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira, ya ƙi kawo uzurin ƙarya kamar yadda wasu suka yi, aka ƙaurace masa kwana hamsin kafin ayar karɓar tubansa ta sauka a Suratut Tauba. Gaskiya ta fara ba shi wuya kafin ta ba shi daɗi, kuma yara suna jin wannan sosai.

Wani lokacin kuma ka bar yaron ya faɗi jarrabawar, labarin ya koma na gyara ɓarna: yadda ake buɗe baki a ce "ni ne na ɗauka". Yaran da ke gabanka sun fi buƙatar wannan, don yawancinsu sun riga sun yi laifin.

7. Rubutawa: wane harshe, wane baƙi

Rubuta yadda kuke magana a gida. In a unguwarku "raksha" ake cewa, kada ka sa "Keke Napep" don ka ji a rediyo. Kalmar Larabci da ta zauna a bakin yaran ka bar ta, amma ƙashin jimlar ya zama Hausa. Jimloli gajeru, zance tsakanin mutane ya fi bayani yawa. Karin magana kamar yajin agashe ne, barbaɗawa ake yi: ɗaya a labari ya isa, kuma ya fito daga bakin wani a ciki, ba daga naka ba.

Sai maganar baƙi. Yaranmu da Larabci suke karatu, kaɗan ne ke iya karanta Hausar boko. In don kanka kake rubutawa, yi da wanda ya fi maka sauri. In za ka ba yara ko wata malama su karanta, ajami ya fi kusa, amma ka sa wasali cikakke, kuma ka san inda tarkon yake. A ajamin Hausa ق shi ne ƙ, غ shi ne g, ث shi ne c, ط shi ne ɗ. Yaron da ya tashi a Sudan kuwa ق da "g" yake furta shi a maganar yau da kullum, sai ka rubuta "ƙasa" ya karanta "gasa". Ka rubuta waɗannan haruffa a saman shafin farko, kowanne da kalmar misali, ku karanta tare sau ɗaya kafin a shiga labarin.

Tsawo: kalmomi 700 zuwa 900 suna ɗaukar kimanin minti bakwai in ana faɗa a natse. Kada ka wuce haka ga 'yan firamare.

8. Gwada shi da baki

Karanta da ƙarfi kai kaɗai, kana duba agogo. Duk inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ba ta yi ba, gyara ta. Sannan ka ajiye takardar ka faɗa wa yaro ɗaya, wanda ba ya jin kunyarka. Kada ka tambaye shi ko ya yi daɗi, zai ce e. Washegari ka ce ya ba ƙanwarsa labarin kana ji daga gefe. Abin da ya tsallake, ka yanke shi. In ya manta zaɓin da Ilya ya yi amma ya riƙe motar mai taya goma, koma mataki na 5.

9. Zaman ba da labari

Tsakanin magariba da isha ya fi, ko bayan isha in zafi ya yi yawa. A makarantar allo, daren Alhamis da ba karatu. Yara goma zuwa goma sha biyar, ƙanana a gaba. Zauna ƙasa tare da su, takarda a aljihu. Mai karantawa daga takarda idonsa ba ya kan yara, su ma nasu ba ya kansa.

Buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ka jira su amsa "ta zo mu ji ta". In ba su san amsar ba, koya musu, cikin zama biyu za su riƙe. Sauya murya kaɗan tsakanin Ilya da Sabi'u, ba sai ka zama ɗan wasan kwaikwayo ba.

Da ka iso inda yaron mota ke zare duwatsu, tsaya cak. Tambaye su: "Ku a ce ku ne, me za ku yi?" A nan ake gane mai ba da labari. Wani zai ce shi kam ɗauka zai yi, uwarsa ta fi masa direba. Kada ka zare masa ido, kada ka ce "a'uzu billahi". Da ka yi haka, daga ranar kowa zai riƙa ba ka amsar da kake so ne kawai. Ce masa "to, na ji hujjarka, wa ke da wata?" Ka bar su su yi musu minti biyu zuwa uku, yawanci wata yarinya daga baya ce za ta ce "to in shi ma direban kuɗin maigidansa ne fa?" Sannan ka ƙarasa.

Hattara: bayan "ƙurunƙus" kada ka ƙara "to yara, darasin da muka koya shi ne". Ka ja bakinka ka yi shiru. In akwai aya ko hadisin da ya dace, ajiye shi zuwa gobe da safe a wajen karatu, ka ga ko su da kansu za su haɗa shi da Ilya.

10. Aikin mako, da naɗar murya

Labari ɗaya a mako ya isa. Ka haɗa shi da ɗan aiki ƙarami da za a iya gani: wannan makon duk wanda aka aika ya kawo canji ya ajiye a hannun mai aiken kafin a tambaye shi. Sanar da iyaye a asirce don su lura, amma ka roƙe su kada su mayar da sunan Ilya bulala, suna "kai ba ka ga Ilya ba?" Sau uku aka yi haka, yaro ya tsani Ilya.

Masu son turawa dangi a Kosti, Bur Sudan ko Jidda, ga tsari. Shiga ɗaki mai katifa da labule, rufe ƙofa, kashe fanka. Sa wayar a yanayin jirgi don kira kada ya katse ka. Yi amfani da manhajar naɗar murya ta wayar, ba danna maɓallin WhatsApp kai tsaye ba, don in ka yi tuntuɓe ka iya sakewa. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da waya. Raba labarin gida biyu, ka yanke a daidai wurin tambayar, kashi na biyu ya tafi washegari: ya fi sauƙin sauka inda intanet ke da rauni, kuma iyaye sun samu daren yin musu da yaransu.

Da bakinka za ka faɗa a farkon naɗin cewa ƙagaggen labari ne. Rubutun da ka sa a ƙasa ba ya bin sautin in an tura gaba, bayan wata guda sai ka ji labarinka ya dawo maka da sunan "abin da ya faru da gaske a Gadarif". Kada ka naɗi muryar yaran mutane ko sunayensu ba da izinin iyayensu ba, kada kuma ka ambaci unguwa ko gidan da kuke taruwa. Ana duba wayoyi a shingayen hanya.

11. In samari da 'yan mata ne

Su ba a ce musu "ga ta nan". Abin da ke cin ransu daban ne: a tafi haƙar zinariya ko a zauna a koyi walda, a bi hanyar Libiya ko a haƙura, bashin da aka ci a waya, karatun da ya tsaya shekara biyu ana jin kunyar komawa aji da ƙanne. Labaran zaburarwa da suke gani a Facebook duk fasali ɗaya ne, matalauci a sakin layi na farko, miloniya a na ƙarshe, tsakiyar babu komai. Kai tsakiyar za ka rubuta: wata na huɗu a shagon gyaran waya, maigida ya yi masa tsawa gaban mutane, abokinsa ya dawo daga wajen zinariya da sabon babur. Yi shi kashi huɗu, mako-mako, na ƙarshen ka ce kowa ya rubuto nasa ko ya naɗo.

Akwai kuma taskar da ke cikin gidajenmu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, garin Mai Wurno sunansa ya ci. Wasu kakannin kuma da ƙafa suka taso don aikin hajji, suna tsayawa su yi noman auduga a Jazira su tara guzuri kafin su ƙetare Bahar Maliya. Tura matasan su zauna da tsofaffin gidansu su ji yadda aka yi, sannan a ƙago yaro ko yarinya a cikin ayarin a ɗora labarin a kansa. Dokar mataki na 3 tana nan: Mai Wurno da sauran mutanen tarihi ba a ƙirƙira musu magana.

12. Ajiye bayani

A bayan kowane labari bar shafi guda. Bayan zama ka rubuta kwanan wata, yawan yaran, inda suka yi tsit, inda suka fara tsokanar juna, da amsar da ta fi ba ka mamaki a wurin tambaya. Daga waɗannan amsoshi labarin gaba yakan fito. Wanda aka faɗa sau biyu yara ba su iya maimaita shi ba, ja masa layi, amma kada ka yage shafin, sunayen da wurin za su yi maka amfani a wani. Wanda ya karɓu kuma ka sake faɗinsa bayan wata uku, ka sauya wanda ya tsaya a tsaka mai wuyar: wannan karon direban ne ya gano a Kasala cewa yaron ya mayar masa da fiye da abin da ya kamata.